Asalin Sunan Ƴan Sawaba

Duk wanda ya zauna da dattawan Adar da Gobir Tudu, tun daga Karofan da Buza har zuwa Keita da Madawa, ya kuwa saurari yadda suke ba da labarin zamanin da Nasara yake haramar tafiya, lalle zai ji wani suna yana yawan faɗowa a bakinsu, wanda waɗansu ke ambata da ɗaga murya, waɗansu kuwa har yanzu sai sun waiwaya sun ga wanda ke kusa tukuna, watau sunan ƴan Sawaba. A ƙasar Hausa duka, ta Nijar da ta Nijeriya, babu wani laƙabi da ya manne wa masu neman gyaran mulki, waɗanda ba su jin tsoron sarki ko Bature, kamar yadda wannan ya manne musu. Har ya zama in aka ce wane ɗan Sawaba ne, an gama siffanta halinsa, ko da kuwa bai taɓa yankar katin wata jam'iyya ba. Ya kamata a bi sawun sunan nan a ga inda ya fito, domin cikin tarihinsa akwai bayanin abin da talakan ƙasar nan yake nufi in ya ce mulki ya yi kyau.

Malaman lugga suna mayar da kalmar zuwa ga Larabci, inda sawabu yake nufin dacewa da gaskiya, kishiyar kuskure. Almajirin da ya yi zaman zaure ya san ta tun kafin ya san siyasa, gama al'adar marubutanmu ce in sun kawo ƙarshen wata mas'ala mai wuya su mayar da sanin sawabu ga Allah, su nuna cewa iyakar ijtihadinsu ke nan. Akwai kuma wata kalmar Larabci mai kama da ita, wadda ke nufin lada, wadda harshen Bahaushe ya haɗe furucinta da ta farko, tun da ba ya rarrabe haruffan nan biyu a maganar yau da kullum. To, amma da kalmar ta fita daga zaure ta shiga kasuwa da gona, sai ta ɗauki wata ma'ana da ba ta da ita a littattafai. Majinyacin da zazzaɓi ya sake shi an ce ya sami sawaba. Hatsi in ya yi araha bayan kaka an ce ya yi sawaba. Matafiyi yakan tambayi wace hanya ta fi sawaba, yana nufin wadda ba ta da yashi ko hawa ko ɓarayi. Ta haka sawaba ta zama ƴar'uwar sauƙi, watau hutun da ke zuwa bayan wahala.

A ganina wannan sauyin ma'ana ba haɗari ba ne na harshe. Mutanen da suka ari kalmar daidai suka sa ta a wurin sauƙi sun yanke wani hukunci ne da ya fi na malaman mulki da yawa zurfi, cewa alamar da ake gane shugabanci na gaskiya da ita ita ce nauyi ya ragu a wuyan ra'iyya, kuma duk hujjar da mai mulki zai kawo, in talaka bai numfasa ba, ba ta kai sawabu ba. Wannan fahimta kuwa tsohuwa ce a yankinmu. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, malaminsa kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya fi shi zafi wajen inkarin munkari, a ƙasar Madawa ya ƙare kwanakinsa. A cikin Kitabul Farƙi an lissafta mazalim na sarakunan Haɓe ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na Hausa, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu iko, aka nuna cewa su ne ke raba mulkin adalci da na zalunci. Mutanen wancan zamani ba su kira kansu ƴan Sawaba ba, Jama'a suke ce wa kansu, aikinsu kuwa tajdidi. Amma ƙorafin da ya tara musu makiyaya da manoma kafin hijirar Gudu ta 1804 shi ne ƙorafin da ya sake tasowa bayan shekara ɗari da hamsin.

Abin da ya sa ya sake tasowa sananne ne ga kowane gida a Adar. Da Faransawa suka kafu a farkon ƙarni na 20, suka ɗora wa kowane baligi lanho, watau haraji, wanda dole a biya shi da kuɗinsu, a ƙasar da dukiyar mutum gero ce da awaki. Suka kafa aikin tilas na gyaran hanya da ɗaukar kaya da ginin bariki. Suka kuma ba kumandan ikon ya ɗaure mutum kwanaki ba tare da alƙali ko shaida ba. Sarkin kanto, wanda a da yake tsoron kada talakawansa su watse su bar shi, ya koma ma'aikacin kumandan, darajarsa tana ga yawan abin da ya tara. Dattawa suna ba da labarin ranar karɓar lanho, yadda ake tara magidanta a ƙofar mai gari tun hantsi, a kira suna ɗaya ɗaya daga takarda, wanda ya kawo ya tashi, wanda bai kawo ba a zaunar da shi a rana har matarsa ta kwance akuyar da take tatsa ta kai wa mahauci a kowane farashi ya ga dama. Ko yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba ta sa an manta da takardar nan ba. Dalilin da ya sa Ba'adare ya zama ɗan bida ke nan: da an girbe gero sai samari su ɗauki sanda da gora su nufi Sakkwato da Kano, waɗansu har Kumasi da Ankara, su yi ga-ruwa da dako da gadi, su komo kafin damina da kuɗin lanho a ƙulle cikin lalita. An soke aikin tilas da dokar 11 ga Afrilu 1946, aka kuma soke hukuncin kumandan na ba shari'a a wannan shekara, amma a lokacin ba a taɓa lanho da sarkin da ke karɓarsa ba.

A Kano aka fara mayar da kalmar tutar siyasa. Ran 8 ga Agusta 1950 waɗansu samari takwas, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Maitama Sule da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta, suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda sunanta na Hausa shi ne Jam'iyyar Neman Sawaba, suka kuma fitar da takardar manufa da aka sani da sunan Sawaba, inda suka bayyana a fili cewa al'ummar Arewa ta kasu biyu, masu sarauta da ke riƙe da hukumar En'e a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen, kuma maslahar ɗayan ba ita ce maslahar ɗayan ba. Malam Aminu Kano, wanda ya bar aikin koyarwa ya zama shugabanta a 1953, ɗan gidan malamai ne da alƙalai, haka ma Malam Sa'adu Zungur na Bauci da ya yi masa jagora a tunani. Saboda haka ba su rasa ayoyi da maganganun Shehu da Abdullahin Gwandu da za su kafa hujja da su a kan jikokin masu jihadi ba, abin da ya fi komai ƙona wa fada rai. Jam'iyyar NPC ta sarakuna ta amsa da nata kirari, Salama. Kalmomin nan biyu, dukansu daga Larabci, suka raba kasuwanni da unguwanni har da gidaje, ɗaya tana kiran a zauna lafiya yadda aka gada, ɗayar tana cewa lafiyar da ake zaune a kai ta yi wa waɗansu tsada.

Wanda bai ga zamanin ba zai yi wuya ya gane girman abin da ɗan Sawaba yake yi in ya haɗu da hakimi. Al'adar lokacin ita ce talaka ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya faɗi ƙasa, ya dunƙule hannu yana jinjina yana cewa ranka ya daɗe, kada ya ɗaga ido sai an wuce. Ɗan Sawaba kuwa sai ya tsaya a kan ƙafafunsa da takalminsa, ya yi sallama irin wadda Musulmi ke yi wa ɗan'uwansa, ya ci gaba da tafiyarsa. A kan wannan kaɗai an yi wa mutane bulala, an kai su gidan yari da sunan rashin ladabi ko zagin sarki, aka kuma tayar musu da ƴan daba da aka yi wa laƙabi da ƴan Mahaukata. Hajiya Gambo ta Zariya, wadda sunan Sawaba ya maye mata gurbin sunan mahaifi har ta rasu a 2001, an ce sau 16 aka ɗaure ta.

Sauran al'ummai ma suna da irin wannan laƙabi. Turawa sukan kira duk matasan da suka tayar wa dattawan jam'iyya ko hukuma da hankali da sunan Matasan Turkiyya, asalinsu kuwa su ne hafsoshi da ƴan boko da suka tilasta wa Sarkin Musulmi Abdulhamidu na Biyu ya mayar da tsarin mulki a Santambul a 1908, suka tuɓe shi a shekara mai bi. Sai dai wancan suna daga Faransanci ya fito, yana kuma siffanta shekarun mutanen ne da ƙabilarsu. Namu yana faɗin abin da ake nema, kuma tsohuwa mai sayar da fura ta san ma'anarsa ba sai an yi mata tafsiri ba.

Wannan ne ya sa iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba ta iya tsare shi ba. Ɗan bidar da ya kwana a Fagge ko Sabon Gari ya ji lacca, direban da ke jigilar gyaɗa da goro tsakanin Kano da Maraɗi da Damagaram, ɗan kamashon da ke tsaye a tashar Madawa yana kiran fasinjan Ƙonni da Tawa, yana karɓar labari daga kowace mota ya miƙa wa ta bayanta, su ne suka shigo da kalmar, ba jarida ba. Ta kuwa tarar da mutumin da zai ɗauke ta. Djibo Bakari, wanda aka haifa a 1922 a Sudure kusa da Yamai, mushen lakwal ne da ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Yana cikin manyan jam'iyyar PPN, reshen RDA a Nijar, har zuwa lokacin da shugabannin RDA suka raba gari da ƴan kwaminis na Faransa suka sasanta da gwamnatin mallaka a 1950 zuwa 1951, shi kuwa ya ƙi. Ya koma cikin leburori da masu aikin lambu yana kafa ƙungiyoyin ƙwadago, a 1954 ya kafa jam'iyyar UDN. Sunan da ke takarda ke nan. Amma jama'ar da ke tarbarsa a garuruwan Hausa Sawaba suke kira, har sunan ya rinjayi haruffan Faransanci, ya bi jam'iyyar duk sauye-sauyen da ta yi daga baya. Abin lura ne cewa Djibo Bazabarme ne, ƙungiyarsa kuma ta tara Zabarmawa da Barebari da Buzaye da Fulani, amma duk suka yarda da kalmar Hausa, domin ita ce harshen tasha da kasuwa, kuma mutanen tasha da kasuwa, teloli da mahauta da direbobi da masu tebur da ƙananan ma'aikatan gidan waya, su ne ƙashin bayanta. Tambarinta raƙumi ne, na RDA kuwa giwa.

A nan ne tarihin Sawaba ta Nijar ya rabu da na ƴar'uwarta ta Kano. NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati a Arewa ba. Tun a zaɓen 1951, bayan ta yi nasara a matakin farko a Kano, tsarin zaɓe mai hawa-hawa da ya ba En'e damar cusa mutanenta ya tace ta sarai. Djibo kuwa ya hau. Ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya haɗa kai da jam'iyyar BNA wadda sarakuna da yawa ke goyon baya, suka ci kujeru 41 cikin 60 a zaɓen Maris 1957, ya zama shugaban gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Haɗin nan da sarakuna shi ya ba shi mulki, shi ne kuma raunin da aka kama shi ta wurinsa, gama ba ya yiwuwa mutum ya yi wa talaka alkawarin sauke kaya alhali da ƙuri'ar mai ɗora kayan ya hau, sai ɗayansu ya ga an yaudare shi. Da gwamnatinsa ta fara tuɓe waɗansu sarakunan kanto, sauran suka gane inda aka dosa, suka jira ranarsu.

Ranar ta zo a 1958, sa'ad da Janar de Gaulle ya ba ƙasashen mallaka zaɓi tsakanin zama cikin tarayya da Faransa da samun mulkin kai nan take. Djibo ya zaɓi a'a, kamar Seku Ture na Gini. Faransa kuwa, wadda take tsakiyar yaƙin Aljeriya, take kuma shirin gwajin bam ɗinta a Sahara, ga tsoron kada Nijar ta karkata ga Nijeriya, ba ta ga za ta iya sakin ƙasar nan ba. Aka aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, ya zagaya fadodi yana yi wa sarakuna alkawari da gargaɗi, aka baza sojoji cikin ƙauyuka, aka hana ƴan Sawaba sakat. A ƙuri'ar 28 ga Satumba i ta sami wajen kashi 78 cikin ɗari, a'a wajen 22, mafi yawan waɗanda aka rubuta kuwa ba su fito ba sam. Kafin shekara ta ƙare an kawar da gwamnatin Djibo, Diori Hamani ya hau, a watan Oktoba 1959 kuma aka haramta jam'iyyar. Da aka ba Nijar mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, mutanen da suka fara nemansa suna gudun hijira a Bamako da Ankara da Kano, ko suna kurkuku.

Daga nan sunan ya koma tuhuma. Wanda yake da gaba da maƙwabcinsa a kan gona ko aure, ya ishe shi ya rada wa mai gari ko jandarma cewa wane ɗan Sawaba ne. Mutane suka ƙone katunansu, waɗansu suka binne. Hukuma ta daina cewa ƴan adawa, ta koma cewa ƴan ta'adda. Shugabannin da ke waje suka yanke shawarar ɗaukar makami, suka aika samari koyon yaƙi a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Gana. Ɗaya daga cikin manyan da suka tsara al'amarin, Usman Ɗan Galadima, mutumin Madawa ne. A watan Oktoba 1964 ƙananan rundunoni suka ƙetaro iyaka ta wurare da yawa, suna zaton da an gan su ƙasa za ta tashi. Ƙasa ba ta tashi ba. An riga an san da zuwansu, aka tayar da ƙauyuka da kwari da baka aka farauce su. Aka kashe Dandouna Abubakar a wajen Ƙonni, aka kai gawarsa Yamai aka ajiye a fili, aka kuma harbe mutum huɗu a gaban jama'a. A watan Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idin babbar salla a Yamai yana nufin Diori, bai same shi ba, ya kashe yaro ƙarami. Aka kama dubban mutane, da yawa suka mutu a tsare, waɗansu a kurkukun Sahara irin na Agadas da Bilma.

Ina ganin wajibi ne a faɗi gaskiya biyu a nan, kada son ɗaya ya sa a ɓoye ɗayar. An zalunci Sawaba a 1958, an ƙwace mata abin da ta samu ta hanyar ƙuri'a, an kuma toshe mata duk ƙofar halal. Amma shawarar 1964 kuskure ce mai nauyi, jefa wuta a masallacin idi kuwa babu mazhabar da za ta halatta shi, kuma waɗanda suka biya mafi yawan diyyar su ne talakawan nan da aka ce don su ake yi, manomin da ya ba baƙo ruwa da fura bai san ko wane ne ba, da telan da aka tuna ya taɓa ɗinka tuta shekara shida da suka wuce. Shugabannin da suka daɗe a waje sun riƙe kalmar, amma sun daina jin yadda take sauka a kunnen mutumin Karofan, wanda sauƙi yake nema, bai kuwa ga sauƙi a cikin bindigar da za ta jawo masa soja har cikin rumbunsa ba.

Sauran labarin gajere ne. Soja suka rushe NEPU tare da dukan jam'iyyu a 1966, amma Malam Aminu da almajiransa suka dawo a ƙarƙashin sunan PRP, suka ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, kuma farkon abin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi shi ne soke haraji da jangali, watau ainihin abin da kalmar take nufi tun farko. A Nijar, Seyni Kunce ya kifar da Diori ran 15 ga Afrilu 1974, ya saki fursunonin Sawaba, Djibo ya komo gida, amma a 1975 aka sake kama shi, ya yi shekaru a tsare. Da aka buɗe siyasar jam'iyyu bayan taron ƙasa na 1991, Sawaba ta fito a rarrabe, tsofaffinta sun ƙare ko sun gaji, Djibo ya tsaya takarar 1993 ya sami ƙuri'u kaɗan ƙwarai, ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998. Wani masanin tarihi ɗan Holan, Klaas van Walraven, ya bi waɗanda suka rage gari gari, har Madawa wurin Ɗan Galadima, ya tattara maganarsu a wani babban littafi da ya fito a 2013, ba don haka ba da yawancin sunayen direbobi da telolin nan sun tafi tare da masu su. A watan Oktoba 2024 hukumomin Yamai suka cire sunan de Gaulle daga wani babban titin birnin suka sa na Djibo Bakari, shekara 66 bayan ƙuri'ar da ta raba mutanen nan biyu.